Birkin 'Yar Ja

Sallama gare ku masu bin labarina, da wanda muka faro tare da wanda yau ya faɗo cikinsa. Ni ce Shatu, 'yar Roni da aure ya kai Babura. Ga baƙo, ga inda aka kwana: shekarar da gwamnati ta buɗe firamare kyauta ce, kuɗin mai ya cika ƙasa, kowa na sayen abin da ubansa bai taɓa mafarkinsa ba. A bazarar shekarar sanƙarau ya ɗauke mini mijina, Muhammadu Lawal, tun kafin mu gama yarda cewa ba shi da lafiya. Ya bar ni da 'ya guda mai shan nono, da takaba, da wata jar mota a gareji.

Ku yi haƙuri in fara da motar, don ba don ita ba da babu abin da zan ba ku yau.

Kujerunta biyu rak. Rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya. Ga ta ƙasa-ƙasa, ko kaza sai ta sunkuya kafin ta shige ƙarƙashinta. A hannun wani Bature ya saye ta, wanda ya gama aikin ruwa a Kano zai koma ƙasarsu, mutanen Babura kuma suka raɗa mata 'Yar Ja. Motar da ba ta ɗaukar buhun gero, ba ta ɗaukar suruka, har yau ban san abin da ya gani a jikinta ba. Amma ni ma ba ni da bakin magana, domin a cikinta ya koya mini tuƙi da rani, can a fako bayan gari ta wajen iyaka, inda babu mai ganinmu sai awaki. Ko Inno, mahaifiyarsa, ba ta sani ba.

Gudu kam 'Yar Ja ta iya, tsayawa ce ba a koya mata ba. Wata rana a hanyar Kanya Babba garke ya ratso titi, Marigayi ya taka birki har ƙasa, sai da hancin motar ya shafi gindin wani bijimi kafin ta tsaya. Ɗan Fulani ya kashe saniyar mutane da mota, da wane ido zai dubi dangi? Ya dawo gida yana gumi, washegari ya tafi Kano ya sa wani kanti ya yi masa odar manyan ƙarafan birki daga Ingila, waɗanda makanikai ke kira kalifa. Su ne ke cije faifan da ke bayan taya in an taka. Akwatin bai iso ba sai ranar sadakar arba'in ɗinsa. Direban lori ya sauke shi a zaure ana tsakiyar rabon gumba.

Ku 'yan yanzu da kuke takaba da waya a hannu, ku gode wa Allah. Ni zane ɗaya ne baƙin saƙi da mayafinsa, ba kwalli, ba lalle, ba turare. Akwatina na leshi da atamfa an ɗaure shi da igiya an tura ƙarƙashin gado. Madubin da ke rataye a ɗakina Inno da kanta ta juya shi ya kalli bango. Iyakata katangar gida, ƙofar zaure kuwa ko inuwata ba ta taɓa ta ba.

Kada ku ɗauka Inno muguwa ce. Bafulatana ce ta asali, Marigayi kuma ɗan farinta. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ranar da aka fita da gawarsa mata na kuka ita tana tankaɗe. Duk son da kunya ta hana ta nuna masa sai ta juye shi kan 'yata, wadda aka sa wa sunanta, shi ya sa muke ce mata Uwa. Ni kuma abin da nake so bai da yawa. Na yi makarantar horon malamai a Kano kafin aure, ƙawata Malama Priscilla da ke koyarwa a Gwiwa ta aiko mini da baki cewa ga aji ga ɗaki an ajiye mini, yara sun yi yawa malamai sun yi kaɗan. In fita takaba, in goya 'yata, in tafi.

Wata safiya ina wanke wa Uwa fuska, Inno na burga nono a gefe, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"'Yar nan, kwanaki sun ja."

"Sun ja, Inno."

"Ɗakin nan naki ne, ba mai tayar da ke." Ta ci gaba da murza maburgi. "Sama'ilu ma ya isa ajiye iyali."

Na yi ƙarfin hali na ce, "Inno, da ma akwai maganar aikin nan na Gwiwa."

"Na ji labari. Ke kam ba a ɗaure ki ba, in kin fita takaba ƙafarki taki ce." Ta ɗaga ido ta dubi Uwa. "Takwarata dai ba ta san kowa a Gwiwa ba."

Shi ke nan maganar, amma wanda ya zauna da Fulani ya san an gama ta. Ko in auri ƙanin mijina in zauna da 'yata, ko in tafi in bar ta. Na san abin da littafi ya ce game da uwa da ɗanta, an karantar da mu. To wa zai ja uwar mijinsa gaban alƙali, kabarin ko ciyawa bai gama yi ba? Na aika Roni wurin innata ta bakin wata mai goro, ina tsammanin ɗauki. Amsar da ta dawo ita ce in yi haƙuri, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma Baba ya riga ya ce to a zuciyarsa. Gaba kura baya sayaki, wallahi na yi kuka har Uwa ta taya ni.

Sama'ilu shi ne ƙanin Marigayi, yana aiki a ma'aikatar ayyuka a Kano, wajen injinan gyaran hanya. Dogo ne siriri, mai gashin baki irin na samarin lokacin da wando mai faɗin ƙafa da nake ce masa tsintsiyar Babura. Da can shi ne abokin wasana. Zai shigo yana "Ina matata? Me aka dafa wa maigida na gaske?" ya buɗe tukunya ya sace nama, in bi shi da muciya. Tun ranar rasuwar ya haɗiye wasan nan. Ya koma ce mini Malama, idonsa a ƙasa.

Ta tagar ɗakina na ji amsar da ya ba Inno, shi Hamma yake ce wa Marigayi.

"To, Inno. Amma ba zan nemi matar Hamma ba, abin da Hamma ya faro yana cikin akwati. Bari in ɗaura birkin nan tukuna. In ya kama, a motarsa zan kai Baffa, ƙanin mahaifinmu, Roni neman auren, mutane su ga gidan bai mutu ba."

Inno ta sa masa albarka. Ni kuwa na ciji yatsa. Ashe har da kai, Sama'ilu? Kujera biyu, ɗaya taka ɗaya ta Baffa, an ma gama lissafi.

Garejin na langa-langa ne a cikin katanga, ƙofarsa na fita titi, kullum da kwaɗo. Hancin motar na kallon ƙofar, bayanta na kallon tsakar gida da bakin zaure. Duk Asabar Sama'ilu zai zo daga Kano, ya cire rigarsa ta fita ya sa wata tsohuwar taguwa, ya ɗaga gaban motar da jak ya tokare da bulo, ya cire tayoyin. A zuwa biyu ya kwance tsofaffin ƙarafan ya ɗaura sababbi, manya, masu ƙyalli. Sai aka zo wurin da mutum ɗaya ba ya iyawa. In an sauya ƙarafan birki iska na shiga cikin man, kuma sai an fitar da ita kaf birki zai kama. Ɗaya zai zauna a kujerar direba yana takawa, ɗaya ya kwanta gindin taya yana kwance wata 'yar kusa mai huji, man ya fito ta siririyar roba zuwa kwalba tare da kumfarsa. Damina ce, maza duk suna gona.

"'Yar nan ta taka maka mana," in ji Inno. "Ai ba fita za ta yi ba, cikin katanga ne."

Ku ji dabara irin ta tsofaffi. So take mu saba.

Haka na shiga motar mijina da baƙin zane, na zauna inda yake zama. Kujerar na nan da ƙamshin man gashinsa. Na ɗaga kai sai na yi arba da wata mata a madubi, ramammiya, ido fari fat, leɓe a bushe. Sai da na ɗan jima na gane ni ce.

"Malama, taka," muryar Sama'ilu ta fito daga ƙasa. Ba na ganin komai nasa sai tafin ƙafa. "Taka. Taka. Riƙe."

Na riƙe. Birkin ya sulale ƙasa.

"Saki."

Haka muka yi ta yi. Ina takawa da duk haushin da ke cikina, kamar wuyansa nake takawa. Birkin kuwa laushi, kamar dafaffiyar kabewa. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, gwangwanin man birki suka taru a gindin bango, Inno ta fara tambaya. Shi kuma ya sosa ƙeya ya ce kayan Turawa sai a hankali.

Wata rana da ba ya nan, gorubar da Uwa ke wasa da ita ta gangara ƙarƙashin motar. Na durƙusa zan ɗauko, idona ya faɗa kan 'yar kusar nan ta fitar da iska. Ƙasa take kallo. Na zagaya ɗaya gefen, ita ma ƙasa. Sai na tuna ranar da na taɓa taka wa Marigayi tsohon birkin, ya girgiza kwalbar lemo a gabana yana cewa in duba, kumfa sama take hawa, shi ya sa kusar take zama a sama. Ƙarafan nan biyu kamar takalmi suke, akwai na dama akwai na hagu. In aka musanya su za su ɗauru lafiya lau, amma kusar ta koma ƙasa, iskar ta maƙale a sama, ko shekara za a yi ana takawa ba za ta fita ba.

Na zauna a ƙasan garejin na yi dariyar da rabona da ita tun bazara. Injiniyan Kano! Na ɗauki gorubata na ja bakina na tsuke. Muddin 'Yar Ja na kan bulo ba mai zuwa Roni, ni kuwa ba ni na aike shi ya yi kuskure ba.

Takabata ta rage bai fi mako guda ba sai ga Adda Dela, 'yar riƙon Inno, wadda ke aure a wata ruga can bayan fadamar Kanya. Ta zo da nono da man shanu, ta shiga jan Uwa a jiki, yau fura gobe dambu, har yarinyar ta fara yarda ta goya ta. Na ji daɗi, na ce na sami mai taya ni. Ranar Alhamis na ga an kawo rubutu a 'yar ƙwarya daga wurin liman, na ɗauka na ciwon ƙafar Inno ne. Ranar Juma'a da safe Inno ta karɓi zannuwan goyon Uwa ta ce za a haɗa da nata a wanke. Ku da kuke karantawa kun riga kun gane, na sani. Ni a lokacin hankalina na kan bulo.

A ranar ce Sama'ilu ya iso, Inno ta aika masa kada ya jira Asabar. Ana saukowa daga masallaci ta tare shi a tsakar gida.

"Na aika Kazaure a kira Bartholomew, makaniken nan da ke yi wa yayanka aiki. Gobe zai zo ya duba abin da ya gagare ka."

"To, Inno."

Bayan la'asar aka kira ni gareji. Hadari ya haɗu ta gabas, iska na kaɗa langa-langar. Na shayar da Uwa rabi, Adda ta ce in kawo ta kada in sa mutum jira. Na shiga motar na zauna. Shiru ba a ce in taka ba, sai ƙarar sifana da nishi. Na leƙa, na ga ƙarafan biyu a ƙasa kan buhu, ya ɗauki na dama ya zagaya da shi hagu.

Tun da na shiga takaba ban yi masa magana da ta wuce amsa gaisuwa ba. Ranar bakina ya kufce.

"Ashe ka gano."

Sifanar ta tsaya. "Ashe kin gani."

"Tun tuni."

"Ni kuwa tun ranar da na ɗaura su, Malama. Da hannuna na musanya."

Ya koma ya kwanta gindin tayar, ya zama ba na ganin fuskarsa ba ya ganin tawa, kuma ina jin ba don haka ba da ba mu iya maganar da muka yi ba.

"Ban taɓa ce wa Inno a'a ba tunda aka haife ni," ya ce. "Ban san yadda ake faɗarta ba. Na ce bari mota ta faɗa mini ita, har ki fita takaba ki sami bakin magana. To gobe Bartholomew na durƙusawa zai gani, ba ya kuma iya ƙarya. Gara ya tarar da aiki a gama."

"Kana da wata a Kano ke nan."

"Taka."

Na taka.

"Taka. Riƙe." Na ji man na tsiyaya cikin kwalba, yau da wata irin ƙara, fut, fut. "Ba ni da kowa a Kano. Saki."

"To me ya hana ka bin maganar Inno? Ai an ba ka a ɓagas."

Na ji ya ajiye sifanar. Ya ce:

"Addini bai ba ni damar ce miki komai ba sai kin fita takaba, kuma ba zan ce ba. Abu ɗaya dai na sani. Ba na so a ɗauro mini ke da zanen goyon Uwa. In wata rana za a ce to, ina so ya zama bakin mai ita ne ya faɗa, tana tsaye a inda ba wanda ya tsare mata ƙofa. Taka."

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, wani abu ya motsa a ƙirjina wanda bai kamata ya motsa a cikin baƙin zane ba. Na yi istigfari, na sake yi. Na taka birkin.

"Hamma ya gaya mini kin iya tuƙi," ya ce, na ji alamar murmushi a muryarsa. "Ya ce kin fi shi iya kwana, shi ya sa ya daina ba ki."

"Ƙarya yake, tsoron Inno ya ji."

"Duk mu biyun ke nan." Ya ja numfashi. "Ga abin da na shirya. Washegarin fitarki zan ce zan gwada mota. Ki rungumi Uwa a cinya, in kai ku Gwiwa wurin ƙawarki. Ni ne waliyyinta yanzu, in na ce ta zauna wurin uwarta magana ta ƙare."

"Inno fa?"

"Za ta yi fushi, za ta huce. Duk Juma'a in ɗauko mata takwararta ta gani. Taka."

Na taka, sai birkin ya ture ƙafata. Tauri kamar na taka dutse. Tun da aka fara aikin nan ban ji haka ba, kuma abin da na yi makonni ina tsoro, yau shi ne ya sa hawayen daɗi suka cika mini ido.

"Ya kama," na ce.

"Saura sau ɗaya. Taka, ki riƙe sosai. Kada ki ɗaga ko me ya faru sai na ce, in kin ɗaga kusar na buɗe iska ta koma, mun koma gidan jiya."

Na danne. Na ɗaga ido don kada hawayen su zubo, sai madubi ya nuno mini tsakar gida. Adda ce ta fito daga ɗakin Inno da Uwa a baya, ta yafa babban mayafinta na fita. Na ce a raina maƙwabta za ta. Sai na ga ƙullin kaya a kanta. Sai na ga bakin zanen goyon nan mai ɗigon kore yana leƙowa daga ƙullin, wanda aka ce mini an kai wanki, a bushe yake. A hannunta ga 'yar ƙwaryar rubutu. Uwa ta fito da hannu ta gefen mayafin da gorubarta, suka shige zaure.

"Saki," in ji Sama'ilu.

Rubutu. Fura. Zannuwan goyo. Yaye!

Ban san yadda na fita daga motar ba. Na ratsa tsakar gida da gudu, mayafina ya faɗi ban tsaya ba. A waje na ji lori ya tashi, ashe yana tsaye a ƙofar gida yana jira. Na faɗa zaure, na tarar da Inno zaune kan tabarma a bakin ƙofar fita, ta miƙe ƙafafunta sun tare hanya, carbi a hannu.

"Ina za ki da takaba a kanki, 'yar nan?"

Na tsaya cak. Tsallake ƙafar surukata, in fita titi kai ba mayafi, mijina bai cika kwanakinsa ba? Ƙafata ta ƙi. Ta ƙofar ina hango bayan lorin yana tangaɗi cikin ruwan da ya kwanta a hanya.

"Inno, ba ta gama sha ba," na ce. Abin da ya fito daga bakina ke nan. "Rabi na ba ta."

"Ta isa yaye. Kowace 'ya wurin dangin ubanta ake yaye ta, ke ma haka aka yi miki. Adda za ta kula da ita a ruga, ga nono ga iska." Ta ja carbi ɗaya. "In an dawo daga Roni an shafa fatiha, a dawo miki da ita ɗakinki."

"Don girman Allah, Inno."

Sai ta dube ni, karo na farko ido cikin ido.

"Wancan ya tafi bai yi mini sallama ba," ta ce. Ko a nan ba ta kira sunansa ba. "Ba zan zauna ina kallo a fita da wannan ma ba."

Na zube a ƙasan zauren. Na san rugar Adda. Daga Kanya sai a sauka a ratsa fadama da ƙafa, in ruwan da ke haɗuwa ya sauka kuwa fadamar za ta cika, ba mota ba ko jaki sai ya jira kaka. In ba a cim ma lorin nan kafin Kanya ba, ni da Uwa sai yadda Inno ta ce.

Sama'ilu na tsaye a bayana, hannu duk baƙin mai. Ya juya, na ji shi yana ɗaura tayoyi, yana ja da ƙarfi kamar zai karya sifanar. Na ji ya ture bulo, ya sauke jak. Na ji kwaɗon gareji ya buɗe, ƙofar langa-langa ta yi ƙara. Lori da kaya a hanyar damina, 'Yar Ja za ta kamo shi tun bai yi rabin hanya ba.

Inno ta miƙe, ta wuce ni, na bi ta. Muka tarar da shi ya buɗe ƙofar motar, makulli a hannu.

"Sama'ilu."

Ya durƙusa nan take, har gwiwarsa ta taɓa man da ya zube. "Inno, birki ya kama. Bari in dawo da yarinyar nan ta ƙarasa shan nononta, sauran maganar a yi ta a zaune."

Inno ta ɗora tafin hannunta a kan ƙirjinta. Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san ma'anar wannan hannu.

"In ka tuƙa motar nan ka bi su, ban yafe maka abin da ka sha a nan ba."

Na ga bayan Sama'ilu ya sunkuya kamar an ɗora masa buhu. Ɗigon ruwa ya fara bugun langa-langa. Ni kuma a daidai lokacin na ji gaban zanena ya jiƙe, nonon da Uwa ta bari ne yake zuba da kansa, yana bin cikina.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ce, "Na ji, Inno. Ba zan tuƙa ba."

Inno ta sauke hannunta, ta juya za ta koma ciki. Shi kuma ya miƙe a hankali, ya matsa gefe ya bar ƙofar motar a buɗe. Bai dube ni ba. Ya ajiye makullin a kan kujerar direba, ya goge hannunsa a taguwa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, kamar da bango yake magana:

"Ni aka hana."

Ƙofar gareji a wangale, titin da rabona da shi wata huɗu yana gabana, ruwa na ƙaruwa. Saura kwanaki in cika wa mijina haƙƙinsa na ƙarshe. Na dubi baƙin zanen da ke jikina, na dubi inda ya jiƙe. Inno ta kai tsakiyar gida sai ta tsaya, ta waiwayo, don ta ji ƙarar makulli a hannuna.